Yadda Ake Gina Lambobin da Ke Gyara Kuskurensu da Kansu

Ga lambobi huɗu: 9, 15, 17, 21. An ce maka kowace lamba ta ɗara ta bayanta da adadi guda da ba ya canzawa, an kuma ce ɗaya a cikinsu ta lalace a hanya. Wacce ce? Kafin minti ya cika za ka gane 15 ce bare, 13 ce mai gurbin. To abin da ka yi yanzu shi ne aikin da wayarka da kwamfutarka suke yi ba dare ba rana: saƙo ya iso da rauni, babu damar tambayar wanda ya aiko, dole a gano inda ya ɓaci a gyara daga abin da ke hannu.

A makaranta akan koyar da jeri mai tazara ɗaya daban, ilimin gyaran kuskure kuma a bar shi sai an je jami'a, kamar babu dangantaka tsakaninsu. Ni a ganina wannan raba hanta da jini ne. Jeri mai tazara ɗaya shi kansa tsarin gyaran kuskure ne, mafi sauƙi da ake da shi. Ka ɗauko takarda da biro, don lissafin nan ba ya zama a kai sai hannu ya yi shi.

Mataki na farko: ka san jerin

Abu biyu ne kawai ke riƙe da jeri irin wannan: lambar farko da tazara. A 7, 12, 17, 22, 27, lambar farko 7 ce, tazara 5. In kana son lamba ta 40, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Taki 39 ne tsakaninta da ta farko, don haka 7 + 39 × 5 = 202. Jimillar duka arba'in ɗin kuwa, ka haɗa ta farko da ta ƙarshe, ka ninka da rabin yawansu: 209 × 20 = 4,180.

Abin da za mu riƙe a nan ɗaya ne. Duk tsawon jerin, ko lamba dubu ce, bayani biyu kacal ke cikinsa. Sauran duk maimaici ne, amma maimaicin da ya sauya kama. Wannan rarar ita ce jarin da za mu yi ciniki da shi.

Mataki na biyu: aika lamba biyu a cikin huɗu

A ce saƙonka lambobi biyu ne, 9 da 4. In ka tura su tsurarsu, 4 ta koma 6 a hanya, mai karɓa ba shi da ta cewa, zai ɗauka haka ka aiko. Maimakon haka, ka mai da 9 lambar farko, 4 tazara, ka tura 9, 13, 17, 21.

Mai karɓa zai fara da cire kowace lamba daga ta gabanta. In ya samu 4, 4, 4, lafiya lau. In abin da ya iso shi ne 9, 15, 17, 21, tazarorin za su fito 6, 2, 4. Ka lura da 6 da 2: jimillarsu 8, wato 4 sau biyu. Haka kuskuren tsakiya yake, yana kumbura tazara ɗaya ya tsuke maƙwabciyarta daidai gwargwado. Lambar da ke tsakanin tazarorin biyu da suka karkace ita ce mai laifi. In kuma ta bakin gefe ce ta lalace, kamar 5, 13, 17, 21, tazara ɗaya ce kawai za ta fita daban: 8, 4, 4.

Me ya sa huɗu, ba uku ba? Gwada da uku ka gani. An kawo maka 9, 15, 17. Ka san da matsala, tunda 6 ba 2 ba ce. Amma asalin zai iya zama 9, 13, 17, ko 13, 15, 17, ko 9, 15, 21, kuma babu wanda ya fi wani hujja. Lamba ta uku tana tona cewa an yi kuskure, ta huɗu ce ke nuna shi da yatsa. Ganowa daban, gyarawa daban, kuma gyarawa ta fi tsada.

Mataki na uku: auna ƙarfin tsarinka

A nan ya kamata ka ɗan zauna, don wannan shi ne ƙashin bayan ilimin gaba ɗaya.

Ɗauki jeri biyu mabambanta masu tsawo ɗaya. A gurbi nawa za su iya yin daidai? Ɗaya tak, in ya yi yawa. Da sun dace a gurbi biyu, tazararsu ta zama ɗaya, sun zama jeri guda ke nan, kamar yadda miƙaƙƙen layi ɗaya ne kawai ke iya ratsa ɗigo biyu. Saboda haka jeri biyu masu lambobi huɗu dole su saɓa a gurbi uku ko fiye. Yawan guraben da suka saɓa shi ake kira nisan Hamming, kuma nisa mafi ƙanƙanta tsakanin halattattun jeri shi ne ma'aunin ƙarfin kowane tsari.

Ƙa'idar ita ce: ka cire 1 daga nisan, ka samu yawan kuskuren da za ka iya ganowa. Ka raba wannan biyu, ka yar da ɓurɓushi, ka samu yawan da za ka iya gyarawa. Nisa 3 yana gano biyu ko ya gyara ɗaya. Nisa 5 yana gyara biyu.

Kalmar "ko" ɗin nan tana da nauyi. Ka tura 9, 13, 17, 21, sai lambobi biyu suka lalace, aka samu 9, 14, 19, 21. Mai karɓa zai ga tazara 5, 5, 2, ya ce ai ta ƙarshe ce ta ɓaci, ya mai da ita 24, ya miƙa saƙon 9 da 5 yana murna. Ya yi gyaran gangar auzinawa, kuma babu abin da zai faɗakar da shi. Wannan ya fi ƙin gyarawa muni, domin kuskuren ya fito sanye da rigar gaskiya. Duk tsarin da aka ɗora wa kuskure fiye da ƙarfinsa yana iya yin haka.

Maganin shi ne ƙara tsawo. Tura shida: 9, 13, 17, 21, 25, 29. Nisa ya zama 5. Ko da an samu 9, 14, 19, 21, 25, 29, jerin da ke da tazara 5 ya dace da gurbi uku ne kawai, mai tazara 4 kuwa ya dace da huɗu. Masu rinjaye sun yi magana.

Mataki na huɗu: lissafin agogo

Akwai cikas. Lambobin suna ta girma, na'ura kuwa wurin ajiyarta ƙayyadadde ne. Sai a koma lissafin agogo: bayan kowane aiki a raba da wata lamba a riƙe saura kawai. Da 11, jerinmu na shida zai koma 9, 2, 6, 10, 3, 7, tunda 13 saura 2, 17 saura 6, haka har ƙarshe.

Za ka ce me ya hana a yi da 10, tunda da ita muka saba? Duba 0, 5, 0, 5 da 0, 0, 0, 0 a agogon 10. Na farko tazararsa 5, na biyu 0, amma sun dace a gurbi biyu. Nisan ya faɗo daga 3 zuwa 2, ikon gyara ya tafi. Laifin na 10 ne, domin 2 × 5 yana ba da sifili a agogonta alhali babu sifili a cikinsu. Lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, irin 7, 11 ko 13, ba ta da wannan ciwo. Sharaɗi ɗaya: kada tsawon jerin ya wuce lambar agogon.

Mataki na biyar: masu gadi biyu don dogon saƙo

Tura huɗu don biyu asara ce, rabin hanya ya tafi a gadi. Ga dabarar da ta fi arha, kuma jeri mai tazara ɗaya ya sake shigowa, wannan karon a matsayin nauyin da ake ɗora wa kowane gurbi: 1, 2, 3, 4, har ƙarshe.

Saƙonmu lambobi shida ne: 4 7 1 9 2 6. Za mu ƙara masu gadi biyu a gurbi na 7 da na 8, da sharaɗi biyu. Jimillar duka takwas ɗin ta rabu da 11 ba saura. Sannan in an ninka kowace lamba da gurbinta aka tara, wannan jimillar ma ta rabu da 11.

Fara da jimilla tsura: 4 + 7 + 1 + 9 + 2 + 6 = 29. Sai mai nauyi: 4 + 14 + 3 + 36 + 10 + 36 = 103. Don samun mai gadi na gurbi na 8, ninka ta farkon da 7 ka cire ta biyun: 203 − 103 = 100, saura 1 a agogon 11. Na gurbi na 7 kuma shi ne abin da zai cike 29 + 1 ya kai 33, wato 3. Abin da za a tura: 4 7 1 9 2 6 3 1. Kada ka yarda da ni, ka duba: 103 + 21 + 8 = 132, wato 11 sau 12.

Yanzu ka zama mai karɓa. An kawo maka 4 7 1 5 2 6 3 1. Jimilla tsura 29, saura 7. Mai nauyi 116, saura 6. Saura na farko yana faɗa maka girman kuskuren. Na biyu girman ne da aka ninka da gurbin da abin ya faru. Tambayar ke nan: 7 sau nawa zai bar saura 6? Yi ta ƙara 7 kana duba agogo: 7, 14, 21, 28, saurarsu 7, 3, 10, 6. A taki na huɗu ka same ta, don haka gurbi na 4 ne. Cire 7 daga 5 da ke zaune a wurin, ka samu −2, ƙara 11, ga 9 ta dawo.

Tsarin kuma yana da bakin cewa "wannan ya fi ƙarfina", a wasu lokuta. In an musanya lambobi biyu, kamar 4 1 7 9 2 6 3 1, jimilla tsura ba za ta motsa ba, saura sifili, amma mai nauyi za ta bar saura 6. Kuskure ɗaya ba ya iya haifar da haka, don haka kada ka gyara komai, ka nemi a sake aikowa. Haka ma in lissafin ya nuna gurbi na 9 ko na 10 alhali takwas ne da kai. Wani lokaci mai gadi yakan fito 10, sai a rubuta shi da harafin X.

Wannan X ɗin ka taɓa ganinsa in kana duba bayan tsofaffin littattafai. Lambar ISBN mai gurbi goma tana amfani da nauyi 10, 9, 8 har zuwa 1 a agogon 11, da mai gadi ɗaya, shi ya sa tana kama kuskure ɗaya da musanyar lambobi biyu amma ba ta gyarawa. Daga 2007 aka koma mai gurbi 13, mai nauyi 1, 3, 1, 3 a agogon 10. An rabu da X, amma an biya farashi: in maƙwabta biyu da bambancinsu 5 ne suka musanya, kamar 16 ta koma 61, sabon tsarin ba ya gani.

Ga na gwaji: 8 0 5 3 9 2 4 8. Lamba ɗaya ce ta ɓaci. In saurarka biyu ba su fito 6 da 8 ba, ka sake tarawa.

Mataki na shida: tsarin Hamming

Richard Hamming ma'aikaci ne a ɗakunan binciken Bell a Amurka. A ƙarshen shekarun 1940 yakan bar wa na'urar lissafi aiki ta yi a hutun ƙarshen mako, lokacin da babu mai kula da ita. Na'urar ta iya gane an yi kuskure, amma da ta gane sai ta watsar da aikin ta kama na gaba. Ya dawo Litinin ya tarar babu komai. Takaicin nan ne ya sa shi tunanin cewa na'urar da ta san akwai kuskure ya kamata ta san inda yake. A 1950 ya buga sakamakon, shekara biyu bayan abokin aikinsa Claude Shannon ya tabbatar da cewa ana iya isar da saƙo kusan ba kuskure ta hanya mai hayaniya, muddin ba a wuce iyakar abin da hanyar ke ɗauka ba. Shannon ya nuna akwai irin waɗannan tsare-tsare, bai ce ga yadda za a gina su ba.

A duniyar 0 da 1 aiki ya ragu da rabi. Ba ka neman girman kuskure, tunda bit, wato gurbi mai ɗaukar 0 ko 1 kawai, in ya ɓaci juyewa kawai ya yi. Gurbi kaɗai ake nema.

Zana gurbi bakwai. Na 1, na 2 da na 4 na masu gadi ne. Saƙon bit huɗu, a ce 1011, zai zauna a 3, 5, 6, 7. Kowane mai gadi yana da unguwarsa. Na 1 yana lura da 1, 3, 5, 7. Na 2 yana lura da 2, 3, 6, 7. Na 4 yana lura da 4, 5, 6, 7. Ba da ka aka raba ba: kowane gurbi yana ƙarƙashin masu gadin da in ka tara lambobinsu za su ba da shi. Shida 2 da 4 ce, bakwai 1 da 2 da 4. Aikin mai gadi shi ne ya sa yawan 1 a unguwarsa ya zama cika, ba mara ba.

A 3, 5, 7 muna da 1, 0, 1, biyu ke nan, cika, mai gadi na 1 ya zama 0. A 3, 6, 7 akwai 1, 1, 1, mara, na 2 ya zama 1. A 5, 6, 7 akwai 0, 1, 1, na 4 ya zama 0. Za a tura 0110011.

An karɓi 0110001. Unguwar 1: 0, 1, 0, 1, cika, shiru. Unguwar 2: 1, 1, 0, 1, mara, ya yi kuka. Unguwar 4: 0, 0, 0, 1, mara, shi ma ya yi kuka. Tara sunayen masu kukan: 2 + 4 = 6. Juya bit na shida, an gama. Babu nema, babu gwaji, amsar ta faɗi adireshinta da bakinta. In mai gadi ɗaya ne kawai ya yi kuka, shi kansa ne ya ɓaci.

Armashin tsarin yana ƙaruwa da tsawo. Masu gadi 3 suna tsare gurbi 7, 4 suna tsare 15, 7 suna tsare 127. In ka ƙara mai gadi ɗaya da ke lura da kowa da kowa, nisa ya tashi daga 3 zuwa 4, sai tsarin ya gyara ɗaya kuma ya gane biyu ba tare da gyaran ƙarya ba. Irin wannan ake sa wa ƙwaƙwalwar manyan kwamfutoci, inda ake ajiye bit 72 don tsare 64.

Mataki na bakwai: komawa kan jerin, a ƙara masa hawa

Saƙon lamba biyu mun ɓoye shi a jeri mai tazara ɗaya. Na lamba uku fa? Sai a gina jerin da tazarorinsa ne ke da tazara ɗaya. Duba 2, 5, 10, 17, 26: tazarorin 3, 5, 7, 9, su kuma 2 ce tsakaninsu. Lambobi uku, 2 da 3 da 2, su ke riƙe da shi duka. Jeri biyu irin wannan ba sa dacewa a fiye da gurbi biyu, don haka masu tsawon biyar nisansu 3, suna gyara ɗaya. Haka za ka yi ta ƙara hawa. Ko nawa ne tsawon saƙon, kowane kuskure da ba a san wurinsa ba yana cin rarar lamba biyu, ɗaya ta nuna gurbi, ɗaya ta nuna girma.

Wannan shi ne ainihin tsarin da Irving Reed da Gustave Solomon suka fitar a 1960. Abin da muka yi a mataki na biyu ƙaramin ɗansa ne. A aikace ana lissafin ne da bayit, wato bit takwas a haɗe, a wani agogo na musamman mai alamomi 256. Wani sanannen nau'insa da ake amfani da shi a sadarwar kumbon sararin samaniya yana tura bayit 255, 223 na saƙo, 32 na gadi, yana gyara 16.

In kuma an san gurbin da ya ɓaci, farashin ya ragu da rabi. An kawo maka 9, ɓoyayye, ɓoyayye, 21: taki uku sun ci 12, tazara 4, ka cike biyun duka da rarar da a da ɗaya kawai take gyarawa. Don haka in na'urarka tana shakkar wata lamba, gara ta ce ba ta gani ba da ta yi cinke.

Lambar QR, wato zanen murabba'in nan mai baƙi da fari da ake karantawa da kyamarar waya, wadda kamfanin Denso Wave na Japan ya ƙirƙiro a 1994, da wannan tsarin take aiki, kuma tana da hawa huɗu: L tana jure lalacewar kimanin kashi 7 cikin ɗari, M 15, Q 25, H 30. Masu manna tambari a tsakiyar lambar suna cin wannan rarar ne da gangan. Shawarata, in za ka yi haka ka zaɓi H, ka kuma tuna duk abin da tambarin ya cinye ba zai samu ba ranar da takardar ta yi datti.

Idan kuskure ya zo a tare

Lissafinmu ya ɗauka kuskure ɗai-ɗai yake faɗowa. A zahiri yakan zo ne ayari guda: karce a faifai, ko sigina ta ɗauke na ɗan lokaci. Bit bakwai a jere sun tafi, tsarin Hamming mai gyara ɗaya ya zama ɗan kallo.

Ba sai ka canza tsari ba, jerin fitarwa za ka canza. Rubuta saƙonni bakwai na Hamming, kowanne a layinsa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Maimakon ka tura layi-layi, tura daga sama zuwa ƙasa: bit na farko na kowane layi, sannan na biyu na kowane layi. Yanzu bit ɗin saƙo guda suna zaune a gurbi na 1, 8, 15, 22, tazara 7 tsakaninsu. Ɓarnar da ta ci bakwai a jere ta taɓa kowane saƙo sau ɗaya tak, kuma ɗaya kowa na iya gyarawa. Ka zaɓi yawan layukan daidai da tsawon ɓarna mafi girma da kake tsammani. Abin da za ka biya shi ne jira, domin mai karɓa ba zai fara gyara ba sai teburin ya cika.

Faifan CD, da ya shiga kasuwa a 1982, ya haɗa dabarun biyu: Reed da Solomon hawa biyu, da wannan saƙa a tsakaninsu, har yana iya cike ɓarnar da ta kai tsawon milimita biyu a kan layin bayanai. Layin nan kuwa zagaye yake yi kamar nadin tabarma. Karcen da ya taso daga tsakiya zuwa baki yana tsallaka kowane zagaye ne a ɗan ƙanƙanin wuri, wanda ya bi zagayen kuma yana cin dogon zango a layi ɗaya. Shi ya sa ake goge faifan daga rami zuwa baki, ba a kewaye ba.